Kujerar da Aka Ajiye wa Malaki

Hoton wata tsohuwar Baturiya ne ya fara tsayar da ni, a tashar taragon cikin gari ta Salford. An manna shi a jikin gilashin rumfar da ake fakewa ruwan sama. Tana zaune, farin gashinta a ɗaure, littafi a cinyarta, a gefenta kuma wata kujera ce babu kowa a kai sai kofin shayi. Kujerar nan na tsura wa ido har tarago ya zo ya wuce, ƙanwata Hadiza tana jan mayafina tana cewa na sa ta makara.

Shekara huɗu ke nan da dawowata, amma har yau duk gidan bikin da na shiga sai an ce, "Binta, ba mu labarin Ingila." Nakan ba su na sanyi da na abinci, mu yi dariya, in haɗiye sauran. Ƙawayena sun gane akwai abin da nake ɓoyewa, sun ƙi ƙyale ni. To ga shi nan duka, kowa ya ɗauka yadda ya ga dama.

Hadiza ce ta haihu tana tsakiyar karatun digiri na uku, Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni babbar yaya in je in yi mata jego. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar 'yan mata a Kano, amma gaskiyar magana littattafan soyayya na haya ne suka raine ni. Tun ina 'yar aji uku nake ɓoye su a cikin littafin lissafi. A zuciyata Ingila wuri ne da samari ke tsayawa a ƙarƙashin taga da fure a hannu. Littattafan nan guda goma sha ɗaya na jera a ƙasan akwati, na rufe su da yajin jego.

Daga Kano zuwa Abuja a mota muka yi, taya ta fashe mana bayan mun wuce Kaduna, muka zauna a gindin wata ɗorawa ina ta duba agogo. Na samu jirgi da ƙyar. A filin jirgin Manchester wani ma'aikaci mai ɗan kunne ya buɗe jakata. Kilishin da Hajiya ta sa aka yi wa mai jego ya ɗauke, ya ce doka ta hana shiga da nama. Daddawa ya sunsuna sau ɗaya ya miƙo mini da sauri. Kanwa ce ta fi ba mu wahala, don sai da na yi masa bayanin kunun kanwa tun daga surfe har zuwa damu, yana gyaɗa kai kamar zai je ya gwada a gida.

Gidan su Hadiza a Gorton yake, cikin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna, kowanne kamar ɗan uwansa. Kwana uku da zuwana na fita zubar da shara, na dawo na yi ta murɗa mabuɗi a ƙofar maƙwabta. Matar gidan ta ɗaga labule, ta kalle ni, ta saki labulenta, ko uffan. Ranar da na kunna turaren wuta bayan wankan jego, wata na'ura a saman ɗaki ta ɗauki kuka, mijin Hadiza ya hau kujera yana yi mata fifita da tawul. Abincin safe kuwa wake ne na gwangwani mai zaƙi a kan gasasshen burodi. Na ci don kunya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne rashin gaisuwa. A kasuwar Gorton, a tashar bas, duk dattijon da na gani sai in rusuna in gaishe shi, shi kuma ya waiga ya ga da wa nake.

Hadiza ta ce, "Yaya, don Allah ki daina. Nan ba a gaida mutum haka kawai, za su ɗauka kina da matsala."

Na ce, "Su ne dai da matsala. Mutum ya haife ki, ki wuce shi kamar turken wuta?"

"Ki kalli gabanki kawai. Haka ake rayuwa a nan."

Bayan an yi arba'in ta koma jami'a don ganin malaminta, ta tafi da ni in sha iska. Ranar ce na ga hoton. Ta karanta mini rubutun da ke ƙasansa, ta ce marubuciya ce daga ƙasar Ireland, za ta karanta littafinta a jami'arsu da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safiyar nan. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in ce da mutumin Ireland ɗan Ingila ne. Ta ce marubutansu haka suke yi, su bi jami'o'in ƙasashen waje suna karanta aikinsu da bakinsu.

"Free ne, kuma akwai heater. Ki zauna can har in gama meeting."

A wurinmu marubuci ba a ganinsa. Wani ne yake karanta littafinsa a rediyo, kai kuma kana wanke-wanke kana saurare. Shi ya sa na shiga zauren nan da ɗoki. Na samu kujera ta ƙarshe, kusa da ƙofa, na gyara rawayan mayafina. Ba zan faɗi cikakken sunan matar ba, Una kawai zan kira ta. Ta fito da sanda, ta ɗora kofin shayi a kan kujerar da ke gefenta da hannunta, ta juya hannun kofin ya kalli ƙofa, sannan ta zauna. Babu wanda ya tambayi dalili. Ni kuwa na riga na gama rubuta littafin a kaina: saurayinta ne, iyaye suka raba su.

Abin da ta karanta labarin wani ƙauye ne a bakin teku. Ta ce a da, idan yaro zai ƙetare ruwa neman aiki, ana yi masa zaman makoki yana raye, saboda an san da wuya a sake ganinsa. Maƙwabta su taru, a sha shayi, a yi kiɗa, shi yana zaune a tsakiya. Kafin ya fita sai mata su ɗauki kuka irin na mutuwa, uwarsa ta rufe madubin ɗaki da ƙyalle. Mu idan mutum zai yi tafiya addu'a muke yi masa, mu ce Allah Ya kai lafiya Ya dawo da kai lafiya. Wa zai yi wa ɗansa kukan mutuwa yana kallonsa?

A nan ne na ji wani wari kamar hayaƙin ɗanyen itace. Na waiga. Wani dattijo ne a tsaye a bakin ƙofa, doguwar kwat ɗinsa ta jiƙe sharkaf, ya riƙe hularsa da hannu biyu a ƙirji. Hannun hagunsa babu ƙaramin yatsa, na kusa da shi kuma rabi ne. Wasu ɗalibai biyu da suka makara suka raɓa ta gefensa, ko kallo bai ishe su ba. Raina ya ɓaci. Na manta da gargaɗin Hadiza, na miƙe na rusuna, na gaishe shi a hankali, na nuna masa kujerata. Ya girgiza kai. Sai na nuna masa ta gaba, na ce ai ga waccan babu kowa.

Ya dube ni da wasu idanu fari-fari kamar ruwan shinkafa. Ya ce, "An riga an yi mini makoki, 'yata. Wanda aka yi wa makoki ba ya zama."

Aka ɗauki tafi, na juya na kalli gaba. Da na sake waigowa babu shi. Na duba inda ya tsaya, wai in kauce wa ruwan da ya ɗiga daga kwat ɗinsa. Wurin a bushe yake ƙamas.

Duk da haka zuciyata ta koma kan soyayya. Na shiga layin masu neman ta sa musu hannu a littafi, da na iso gabanta na ce, "Mama, wanda kike ajiye wa kujera ya zo fa. Kunya ce ta hana shi ƙarasowa."

Ta yi murmushin gajiya, kamar wadda ta saba jin irin wannan. Sai na ɗaga hannun haguna na lanƙwashe yatsu biyu. Biron ya faɗo daga hannunta.

Ta ja ni gefe. Ashe ba saurayi ba ne, yayanta ne, Malaki. Lauje ne ya cire masa yatsun suna yara. Yana ɗan shekara goma sha tara aka yi masa wancan makokin, ya zo Ingila aikin gini. Ta ce da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce tunda sun binne shi, kada wanda ya jira shi. Ko wasiƙa ɗaya bai aiko ba, shekara hamsin da wani abu. Iyayensu sun mutu suna ambatonsa. Ita kuma duk jami'ar da ta gayyace ta a garuruwan da 'yan ƙasarsu suka yi aikin gini, ba ta ƙin zuwa, kuma sai ta sa an ɗauki hotonta da kujerar, ko zai gani.

Ta damƙe hannuna. Ta ce, "Ƙarfe nawa kika gan shi? Kafin sha biyu ko bayanta?"

Na ce ban duba ba. Ta ce a ƙauyensu an yi imani mutum yakan bayyana a inda ba ya nan. Idan da safe aka gan shi, yana da sauran kwana. Idan rana ta juya, tafiyarsa ta kusa. Na yi a'uziyya a zuciyata. Mu ma kakanninmu sukan ce kurwar majinyaci tana yawo, amma ni abin da ban sani ba Allah nake bar wa. Ta rubuta mini lambarta, ta ce nan da kwana goma za ta yi karatu a Birmingham, daga nan sai gida, kuma likita ya ce wannan ce tafiyarta ta ƙarshe mai nisa.

Hadiza ta ce sanyi ne ya taɓa mini kai, da littattafan da nake karantawa.

Ranar Asabar Anti Rifkatu ta zo ganin jaririya. 'Yar Kafanchan ce, mijinta dattijon coci ne, ita ce ta riƙe Hadiza kamar 'ya lokacin da ta fara zuwa ƙasar. A Aston take zaune, cikin Birmingham, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Muna kicin tana tuƙa mana gwaten acca, Hadiza ta ce, "Anti, ki ji aljanin da Yaya ta gaisa da shi a uni." Na ba da labarin ana dariya. Da na zo kan yatsun, ludayin ya tsaya a hannun Anti Rifkatu.

"Yesu! Wane hannu kika ce?"

"Na hagu."

Ta rufe tukunya. Ta ce, "Ƙanwata, ban ji komai ba, ban ce komai ba. A wurin aikinmu ko sunan resident ɗaya cikin tsofaffin nan na faɗa wa wani a waje, sai a kore ni. Kuma visa ɗina a kan aikin nan take, da ni da yarana uku."

Na ce, "Anti, 'yar uwarsa kwana bakwai ya rage mata a ƙasar nan."

"Na ce miki ban ce komai ba. Miƙo mini gishiri."

Kwana uku bayan nan ta bugo mini waya da rana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce doka ba ta hana ta tambayar mutum ko yana son baƙo ba, don haka ta tambayi wani dattijo mai guntayen yatsu da ke wurin aikinsu. Ba ta faɗa masa ko wace ce ba. Shi ne ya juyo daga kallon bango ya ce, "Mai rawayan mayafi?" Ta ce sai da ta zauna a bakin gadon. Mutumin nan shekara biyu ke nan bai taka ƙasa da ƙafarsa ba, ɗaga shi ake yi da inji. Tunda shi ya nema da bakinsa, manager ta yarda.

Na hau doguwar motar Birmingham ni kaɗai. Awa biyu da wani abu, babu wanda ya ce da wani ci kanka. Na buɗe ledar cincin na miƙa wa matar da ke kusa da ni, ta tsorata kamar na nuna mata wuƙa. Anti Rifkatu ta tare ni a tasha, ta kai ni flat ɗinta a hawa na tara. Kafin in tambaya ta riga ta nemo mini alƙibla a wayarta, ta shimfiɗa mini sabon tawul a ɗakin 'yarta. Da gangan na sa baƙin mayafi washegari.

Gidan tsofaffin yana da tsabta, amma shirun wurin yana da nauyi. Ɗakinsa na ƙarshe ne a dogon baranda. Abin da na fara gani shi ne madubin bango an rufe shi da tawul. Anti Rifkatu ta raɗa mini cewa kullum suka cire sai ya sa an mayar. Yana kwance, ya rame ƙwarai, hannun hagunsa a kan bargo. Shi ne. Har warin hayaƙin nan na ji, a ɗakin da ko ashana ba a yarda a ƙyasta ba.

Anti ta ce, "Baba Malakai, ga baƙuwarka." Haka take kiransa, da sunan annabin da ke cikin littafinsu.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Kin canja mayafi."

Na ce, "Baba, ta yaya ka je can?"

Ya ce shi dai barci ya ɗauke shi bayan shayin safe, ya ga kansa a tsaye cikin ruwan sama. Ya ce shekara hamsin yana tsayawa a bakin ƙofofi a ƙasar nan, ni ce ta farko da ta tashi ta ba shi kujera. Na ce masa Una tana garin, gobe za ta yi karatu a jami'ar da ke kusa, jibi ta tafi, ba za ta sake dawowa ba. Ya juyar da kai bango.

"Matacce ba ya karɓar baƙi."

Duk littattafan da na karanta babu wanda ya tanadar mini amsar wannan. Sai abin gida ya zo mini. Na ce, "Baba, a garinmu ana kai wa matattu ziyara. Ana tsayawa a kansu a yi musu sallama. Ban taɓa jin wanda ya ce a koma ba."

Ƙirjinsa ya fara motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya yake yi. Ya daɗe yana yi har hawaye ya gangaro masa cikin kunne. Ya ce da Anti Rifkatu ta kira manager ta rubuta, yana son ganin ƙanwarsa.

Washegari na tafi wurin karatun. Zauren ya fi na Salford girma, ga kujera, ga kofi, hannunsa yana kallon ƙofa. Ban kira lambar Una ba tun jiya, saboda na ji tsoron ya canja ra'ayi ko wani abin ya faru kafin gari ya waye, in zama na ɗaga ran tsohuwa a banza. Sai da Anti ta turo mini saƙo cewa ya tashi lafiya, har ya sa an yi masa aski, sannan hankalina ya kwanta. Una tana tsakiyar shafi ta ɗago ta hango ni. Na gyaɗa mata kai. Ta rufe littafin a tsakiyar jimla, ta ba jama'a haƙuri, ta ɗauki kofin shayin nan, ta sauko da sandarta. A cikin tasi haka ta riƙe shi da hannu biyu, yana zuba mata a siket.

Na shirya ganin abin da na saba karantawa, a rungume juna, a suma, a yayyafa ruwa. Sai ta tsaya a bakin ƙofa, suka kalli juna kamar masu cinikin akuya.

Ya ce, "Kin tsufa."

Ta ce, "Shayinka ya huce."

Ta ajiye masa kofin, ta wuce kai tsaye ta yaye tawul ɗin da ke kan madubi, ta ninke shi huɗu. Bai hana ta ba. Ta ja kujera ta zauna, ta buɗe littafin daga inda ta tsaya. Anti Rifkatu ta ja ni waje, muka tsaya a baranda, ita tana addu'arta ni ina tawa, dukkanmu muna share hanci da gefen mayafi.

Mako biyu bayan nan na dawo Kano. Na bar wa Hadiza littattafaina goma sha ɗaya, na san har yau ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Ashe kafin sha biyu na gan shi, don Malaki ya ƙara shekara biyu da rabi a duniya. Una ba ta koma gida ba, ta kama ɗaki a Aston, kullum tana wurinsa. Da ya cika, ta tafi da shi ƙauyensu na bakin teku aka binne shi kusa da mahaifiyarsu. Anti Rifkatu ta ce ba a yi zaman makoki ba, Una ta ce an riga an yi, sau ɗaya ya isa.

Bara, duk da maganar likita, ta sake zuwa jami'ar su Hadiza karatu. Na matsa wa Hadiza ta je mini. Ta bugo ta ce babu kujera, babu kofi, ita kaɗai ce a kan dandamali. Sai dai duk ƙarshen shafi takan ɗago ta kalli bakin ƙofa ta yi murmushi, har sau ɗaya ta ɗan ɗaga hannu.

Na ce, "Wa ke tsaye a wurin?"

Hadiza ta ce, "Yaya, kujerar ƙarshe na samu, dab da ƙofar. Na ji warin hayaƙi. Ban waiwaya ba."